Mai Kira Biyu a Kan Gawo

Litinin, 6 ga Mayu

Gidan Baffa, bakin fadamar Haɗeja. Kwana tara da aikin ido. Na hagun har yanzu dishi-dishi, haske kuwa kamar an soka allura. Dokokin likita: ɗigo sau huɗu a rana, ban da ƙura, ban da sunkuyo, ban da daɗewa a kan waya. A koma 3 ga Yuni. Salla daga zaune.

Rubutu da idon dama, manyan baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya. Layi biyar, sai hawaye.

Zafi ba a cewa komai.

Talata, 7 ga Mayu

Barci ya ƙi. Tsakar gida, gidan sauro, ido a rufe. Tun kafin assalatu wani abu ya fara daga bayan danga. Ɗaya, biyu, can sai gari ya ɗauka gaba ɗaya, kamar kasuwar Gujungu ta cika. Ban iya ware ko ɗaya ba, in ban da zakara da hankaka. Shekara 46 a duniya, 20 daga ciki ina koya wa yara kimiyya. Abin kunya.

Bayan an idar, Baffa na kan buzu yana jan carbi. Ko juyawa bai yi ba. "Fakara." Ya ja ƙwaya biyu. "Ragon maza." Can kuma, "Waccan suda ce, ta fara surutun nata." Ni dai sai wurga kai nake kamar mujiya.

Na ce, "Baffa, yaya kake yi?"

Ya ce, "Kai yaya kake gane muryar Innarka cikin mata a gidan biki?"

Laraba, 8 ga Mayu

Darasi. Wai ina gaggawar neman suna. "Bar suna tukuna, ɗana. Daga ina ya fito? Ƙasa, ko tsakiyar duhuwa, ko ƙololuwa? Wane lokaci? Hawa yake ko gangara? Yana hutawa, ko ba ya hutawa?" Haka suka yi farauta da ƙuruciya, kan burtu ɗaure a goshi, ana rarrafe cikin ciyawa, kunne ne jagora. Kan burtun na nan rataye a jikin rumbu, gara ta ci rabinsa.

Uku na samu yau, kuma na tabbata da su. Fakara daga ƙasa, gefen gona, kakkausar murya kamar ana goga magagari a ƙarfe, asuba da magariba kawai. Ragon maza cikin ciyawar bakin rafi, bu-bu-bu-bu yana gangarowa, sak ana tsiyaye ruwa daga tulu mai ƙaramin baki. Cilakowa can sama, fito mai tsini, pi-pi-pi-piyu. Auta ya ce in tana yi ɗaga baki take sama kamar mai roƙon ruwa. Auta ne idona yanzu.

Alhamis, 9 ga Mayu

Kurciyoyi sun ruɗa ni. Da na ɗauka kurciya kurciya ce. Ashe dangi ne guda.

Akwai ta tsakar gida, mai taushi, gaɓa biyar ko shida, kamar tsohuwa na dariya cikin mayafi. Akwai ta kan darbejiya, gajere, da sauri, maimai kan maimai, tun hantsi har la'asar, lokacin da komai ya yi tsit saboda rana. Wannan na san ta tun ina yaro ban san na san ta ba. Ita ce ƙarar bazara a kunnena, da na ji ta sai in ji ƙishirwa. Hasbiya a kan soron masallaci, murya daga ƙirji, du-du-du tana ƙara ƙarfi. Bardo kuwa sai an kasa kunne sosai, hu-huu, kamar majinyaci na nishi a ɗaki na uku.

Littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Borrow da Demey, bugun 2001, yana cikin jaka. Na buɗe. Rubutun ƙanana. Na rufe. A Najeriya kaɗai an ƙirga sama da iri 900. Nawa bakwai.

Asabar, 11 ga Mayu

Ido ya yi ja. Ban fita ba.

Waya ta yi ƙara sau biyu. Na ga sunan. Ban ɗauka ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Sabo. Cikin sarƙaƙiyar bayan rijiya: fito mai kauri, wiyu, a wutsiyarsa wani kak-kak kamar an karya busasshen kara. Kullum a haɗe, fito da karaya. Auta ya leƙa ya dawo: baƙin baya, ƙirji ja wur, tsakiyar kai rawaya kamar ya kafa hula. Na sa masa Mai Jar Riga.

Malanta ta motsa. Na zauna na yi wa Baffa lacca, wai tsuntsu ba a maƙogwaro yake kuka irin mu ba. Abin kukan can ƙasa yake cikin ƙirji, daidai inda bututun iska ya rabu biyu zuwa huhu, kuma kowane reshe na iya fitar da nasa sautin, shi ya sa tsuntsu ɗaya kan yi murya biyu a lokaci guda. Duk gaskiya ne, haka yake a littafi. Ya saurara har na dire. Ya ce, "To, Malam."

In ya ce min Malam, da magana a ƙasa.

Litinin, 13 ga Mayu

Na sa Auta ya kai min kujera tsakanin sarƙaƙiyar da magaryar bakin hanya. Baƙin tabarau, rawani a fuska saboda ƙura. Jira. Wajen rabin awa, ƙudaje sun samu nama.

Wiyu daga dama. Kak-kak daga hagu.

Su biyu ne! Namijin ya yi fito, macen ta amsa tun bai rufe baki ba, ko tazarar ƙiftawar ido babu. Sau 11 na ƙirga, ko sau ɗaya ba ta makara ba. Da ina daga nesa, har abada zan rantse tsuntsu ɗaya ne.

Na dawo baki har kunne. Baffa: "Ai na ce maka to."

Inna daga madafi: "Allah Ya ba mu mazan da za su yi magana gajeriya haka, mu ma mu riƙa amsawa a kan kari."

Na ci tuwo malmala biyu.

Laraba, 15 ga Mayu

Da hantsi, daga gawon gonar maƙwabci, can nesa: hu-hu. Shiru. Hu-hu. Gaɓa biyu, mai zurfi, kamar ana hura bakin kwalba.

Na yi caraf na ce alhudahuda, tsuntsun Annabi Sulaimanu. Baffa ya girgiza kai. "Alhudahuda galibi uku yake jerawa, da sauri, duk kansu ɗaya. Wannan saurara, na biyun ya ɗan ɗaga. Baƙo ne. Da ruwa yake zuwa."

Na saurara. Ya ɗaga ɗin kuwa, kaɗan, kamar mai tambaya.

Sunansa fa? Ya buɗe baki, ya tsaya. Ya ce tsofaffi na da abin da suke kiransa, yanzun nan yake bakinsa. Ya yi ta taɓa goshi da ɗan yatsa. Ransa bai so ba. Na canza magana.

Auta ya ruga dubawa. Kafin ya isa an tashi.

Alhamis, 16 ga Mayu

Hu-hu ƙarfe tara da kwata. Sau 23, sannan shiru.

Auta ya ɗauka da waya, ya buɗe manhajar nan da ake cewa tana gane kukan tsuntsu. Ta yi ta juyi, ta kawo wani tsuntsun Turai. Ya sake, ta ce ba ta ji komai ba. Ba laifinta ba ne, abin da aka ɗura mata shi take amayarwa, namu kuwa ba a ɗura da yawa ba. Na ce ya tura wa tsohon ɗalibina, wanda ya yi karatu a cibiyar binciken tsuntsaye ta dajin Amurum, kusa da Jos. Sabis sai an hau surin bayan makaranta. Saƙo ya tafi. Alama ɗaya.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ban je masallaci ba, ƙura. Gida ya yi tsit.

Tun azahar ana ta ƙwanƙwasa, ton-ton-ton-ton, ba sauri ba jinkiri. Na ce wa Inna maƙerin garin nan ba ya gajiya. Ta ce maƙerin ai bara ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Auta ya bi ƙarar har tsamiyar da kauci ya kama. Wani ɗan firit, bai kai babban yatsa da tafi ba, ɗigon rawaya a goshi, 'ya'yan kaucin yake ci. Wannan ɗan abin ne da uwar maƙera a ƙirji.

Wasu sun fara binne, gero cikin busasshiyar ƙasa, Allah Ya kawo ruwa ya tarar. Baffa ya ce shi sai ya ga shamuwa.

Lahadi, 19 ga Mayu

Shamuwa. Yara sun cika gari da ihu da waƙarsu. Uku a kan kukar bakin kasuwa da safe, da yamma Auta ya ƙirga 11. Daga can kudancin Afirka suke dawowa, kowace shekara, galibi bishiyar bara.

Na je har gindin kukar, a hankali, hannuna a kafaɗar Auta. Na tsaya na kasa kunne. Fuka-fukai. Ɗan ƙwas-ƙwas na baki a sheƙa. Shi ke nan. Tsuntsun da duk gari ke jira, kunne ba shi da rabo a cikinsa. Na ji haushi, ban san na mene ne ba.

Inna ta ce ruwa ya kusa. Sama fes.

Talata, 21 ga Mayu

Alama biyu. Ba amsa.

Hu-hu bai yi ba yau. Na zauna har azahar.

Gwaji: na rufe idon dama. Ƙofa. Haske. Wani abu fari mai motsi, wai akuya ce. In haka zai tsaya fa? Allo da alli, rajista, makin yara 70 a aji.

Waya ta ce zafi 43.

Alhamis, 23 ga Mayu

Farin wata kamar rana. Ashe dare ma kasuwa ce, masu cinta ne daban.

Yautai daga filin ƙwallo, rrrrrr, ba numfashi, kamar injin ban ruwa can cikin fadama. Na ƙirga har 90 bai tsaya ba. Inna ta yi a'uziyya, ta ce mugun tsuntsu, a shigar da jikoki. Ƙwari kawai yake cafka a sama, bawan Allah. Ban yi musu ba, tuwonta nake ci.

Wani kuma, prrp, shiru kamar na numfashi uku, prrp. Na ce kwaɗo. Baffa: "Kwaɗo, a wannan fari, a kan bishiya?" Ƙaramar mujiya ce.

Wajen sha ɗaya garken kirinjijiya ya ratsa ta samanmu, fito uku-uku, swi-swi-swiyu, sun nufi sauran ruwan da ya rage a tafki. Waɗannan ban nemi taimako ba. Na faɗa da ƙarfi, Baffa ya ce "Madalla."

Sai ya ce, "Akwai wadda ba za ka ji ba." Ya gyara zama, ya cika ƙirji, ya saki wani kuka mai amo, ho-wan, ho-wan, kamar kakaki daga nesa. Karnukan unguwa suka ɗauka. Gauraka. Ya ce da can, in ruwan fadama ya fara ja da baya, garke-garke suke sauka, suna tsalle suna rawa, tun daga gida kana jin su. Aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliya ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masu tarko suka kwashe sauran zuwa gidajen masu kuɗi. Ni kaina a wani gida a Kano na taɓa ganinta, an datse mata fiffike, tana zagaya mota da kambinta na zinare. Ban ji ta yi kuka ba.

Auta, ɗan shekara 17, haifaffen bakin fadama, yau ya fara jin kukan gauraka, daga bakin tsoho. Ya zaro waya. "Baba, sake, in ɗauka."

Baffa ya ƙi. Ya naɗe buzu ya shige.

Juma'a, 24 ga Mayu

Hu-hu ya dawo. Tara da rabi. Alhamdu lillahi. Ban san na damu haka ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Amsa ta zo, saƙon murya, minti huɗu. Auta ya sauko daga suri da gudu. "Malam, barka da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi." Na ji sau uku. In rubuta kafin ya zube.

Mai hu-hu, Turawa kuku suke ce wa danginsa, ba mai girki ba. Wannan na Afirka ne. Toka-toka, ciki mai zane-zane, gindin baki rawaya, a sama sai ka ce ƙaramin shaho. Damina yake bi, yana hawowa arewa tare da ita. Ɗan'uwansa na Turai ma yana ratsa ƙasar nan, amma bakinsa a rufe, sai ya koma gida yake kira, kuma shi gaɓarsa ta biyu faɗuwa take. Namu ɗagawa. Kunnen Baffa bai yi ƙarya ba.

Ba ya yin sheƙa. Macen takan faki ido ta saka ƙwai a sheƙar baƙin tsuntsun nan mai wutsiya kamar bakin almakashi, mai bin shanu, mai korar shirwa. Ɗan ya ƙyanƙyashe, ya ture 'ya'yan masu gida, su yi ta ciyar da shi har ya fi su girma. Bai taɓa zama da ubansa ba, ba wanda ya koya masa. Amma ran da ya isa, hu-hu zai yi. A jini yake.

Sai ya kawo kishiyar wannan. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, shi ma ɗan riƙo ne, a sheƙar ƙaramar jar tsuntsuwar nan mai shigowa har ɗaki tana tsintar tsaki. Shi ba ya ture kowa, tare suke tashi da 'ya'yan gida. In ya girma, kukan uban riƙonsa yake sakawa cikin nasa. Macen ma, wadda ta tashi a irin gidan, mai wannan kukan take zaɓa, kuma a irin sheƙar take komawa ta saka nata ƙwan. Wai a duwatsun Jos, wani Ba'amurke mai bincike, Robert Payne, ya ji irin wannan baƙin tsuntsu yana kwaikwayon kukan da ba a san mai shi ba. Aka bi kukan, aka tarar da jar tsuntsuwar duwatsu da ba ta cikin kowane littafi. A 1998 aka shigar da ita. Ta bakin ɗan riƙonta aka fara jin labarinta.

Na kwanta ina juya maganar mutane, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wane gidan? Inda aka haife shi, ko inda aka riƙe shi?

Ina da shekara biyar aka kawo ni gidan nan, bayan sadakar arba'in. Muryar mahaifina ban riƙe ba, ko kaɗan. Ɗalibai a Kano suna cewa in raina ya ɓaci harshena Haɗeja yake komawa, kuma na san bakin wa suke ji. Inna kuwa ta sha faɗa, in na yi gyaran murya a zaure gabanta faɗuwa yake, wai marigayi sak.

Ɗigon dare na manta. Na tashi na sa ƙarfe ɗaya.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na kwashe duka na faɗa wa Baffa. Labarin ƙwan bai ba shi mamaki ba, ya ce ya taɓa ganin baƙin tsuntsun yana ɗura wa wani ƙato abinci. Da na zo kan suna ya ce, "Wannan na Bature ne. Namu fa?"

Ya aiki Auta ƙauyen gaba wurin abokin farautarsa. Ya dawo da la'asar. Tsohon kunne ya tafi, an yi ta yi masa hu-hu da ƙarfi, shi kuwa yana ta amsa gaisuwa.

Talata, 28 ga Mayu

Hadari daga gabas, baƙi ƙirin inji su. Kafin iska ta iso kowa ya yi shiru, har mai maimai ta kan darbejiya. Ragon maza kaɗai. Sai guguwa, ƙasa, kwanon rufi na kaɗawa. An tura ni ɗaki an toshe taga da buhu. Ina ciki ina jin ɗigo a kan kwano. Na ƙirga su. Ba su kai a ce ruwa ba.

Na yi wa Auta tsawa a kan butar da ba shi ya ajiye ba.

Laraba, 29 ga Mayu

Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Yaya."

Na kira lambar nan da ban ɗauka ba. Ta yi ta ƙara.

Juma'a, 31 ga Mayu

Ruwa! Daren jiya, tun biyu har kusan asuba. Ƙamshin ƙasa har cikin ƙirji. Kwaɗi, na gaske wannan karon. Gina ta fito, yara da kwanoni, tsuntsaye a sama suna wawaso.

Asubar yau ta ninka ta ranar farko. Na zauna a bakin zaure, ba ƙura, na cire rawani. Da farko hayaniya ce zalla, na ce shi ke nan, komai ya rushe. Sai fakara ta fito daga ƙasa. Na ajiye ta gefe. Cilakowa. Suda, fitonta a hankali yana gangara kamar makiyayi mai nishaɗi. Mai Jar Riga da matarsa. Ɗaya bayan ɗaya, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa. 14. Sauran da ban sani ba sun fi haka yawa, har da wani sabo mai tsini, di-di-di-diyari, kusa da bagaruwar da rawayen masu saƙa suka fara rataye sheƙa.

Baffa ya fita shuka da sanda da ƙwarya. An hana shi, ya ƙi.

Hu-hu tun takwas da rabi, ya matso. Auta ya ce gawon ya fara zubar da ganye. Haka gawo yake, kowa na tsiro shi yana tuɓewa. Nan da 'yan kwanaki ba wurin ɓuya.

Asabar, 1 ga Yuni

"Yaya! Yaya, ga shi!" Mai wutsiyar almakashi ya biyo wani abu da gudu daga gawo zuwa tsamiya. Na fizge tabarau. Dama ta cika da hawaye. Hagu: wani toka-toka ya gifta, dogo, ya shige ganye.

Auta ya rantse shi ne, har rawayan bakin ya gani. Ni ban rubuta na gani ba.

Amma hagun ta bi abu mai tashi. Jiya da shekaranjiya ba ta yi haka ba. Ko ta yi? Kada in sa rai.

Lahadi, 2 ga Yuni

Haɗa kaya. Maganin ɗigo saura na kwana biyu. Inna ta ƙulla kuka da daddawa, ta ce a kai gida, ba ta ce a ba wa ba. Littafin na bar wa Auta, da sharaɗin ya fara ji kafin ya buɗe.

Bayan lisha Baffa ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa. "Ɗazu a gona sunan ya zo min. Ina sunkuye. Kafin in miƙe ya koma." Na ce zai dawo, Baffa. Ya ce in ya dawo zai sa Auta ya hau suri.

Motar Haɗeja ƙarfe bakwai take tashi. Mai hu-hu kuwa bai taɓa farawa kafin takwas da rabi ba. Na ce wa Auta ya je tasha da sassafe ya ji ko akwai ta goma.